Shekarar da Na Kife Tanda

Safiyya, ke kika tayar da wannan maganar, don haka ke zan fi fuskanta a rubutun nan, amma Ummi da Sadiq su ma su buɗe kunne, tunda su suka fara ɓata labarin. Ranar da aka ba ki gurbin karatu a Kuala Lumpur ina jin ku a falo kuna shewa, har kike cewa ke ba ki da fargabar abin kashewa, za ki je ki yi irin ta Mama, wai da waina na yi digirina. Sadiq kuma ya ƙara gishiri, ya ce ai har jami'an shige da fice sun taɓa bi na a guje ina rungume da kula. Ban tanka muku ba domin ina tsakiyar lazimi, amma abin ya tsaya mini a rai. Ba wanda ya taɓa bi na a guje a ƙasar Maleshiya, kuma ba da sayar da waina na yi digiri ba. Da daina sayar da ita na yi shi. Bari in faɗa muku yadda aka yi tun ina iya tunawa daidai.

Babanku na bi a matsayin matar ɗalibi. Shi gwamnati ta tura shi digiri na uku, ni kuwa na ɗauki hutu daga ma'aikatar da nake aiki a Kano, inda muke duba tsabtar abincin da ake sayarwa. A fasfona aka manna mini takardar zama ta iyalin ɗalibi, an rubuta a jikinta ɓaro-ɓaro cewa ban da yin aiki. Muka kama gida a unguwar Danau Kota ta Kuala Lumpur, can sama a wani dogon bene. Da safe babanku ya fice, Ummi da Sadiq su tafi makaranta, su dawo ina yi musu Hausa suna mayar mini da Turanci, wani lokacin har da Malayanci don rainin wayo. Ke kuma Safiyya ko magana ba ki fara ba. Ni da na tashi a gidan da ba a rufe ƙofa sai za a kwanta, sai ga ni daga ni sai ke sai ƙarar firji, da ruwan saman da yake sauka kusan kullum da yamma. Na yi kuka a watannin farko, kuka sosai, kuma babanku bai sani ba sai bayan shekaru.

Tandar Inna ce ta fitar da ni daga wannan ƙunci. Ranar da za mu taso mahaifiyata ta naɗe ta a tsohon zani ta cusa mini a akwati, babanku yana ta mitar nauyin kaya, ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ƙarfe ce, ta yi baƙi ƙirin don daɗewa, kuma duk abin da aka zuba mata ba ya kamawa. Wata Alhamis na jiƙa shinkafa, na markaɗa, na kwaɓa ƙullu. A nan na fara gane cewa ƙullu a garin nan ba ya buƙatar lallashi, zafi da laima sun ishe shi, kafin ki juya ya kumburo ya cika roba. Kabewa da alayyahu kuwa ga su nan a kasuwa kamar a kasuwar Rimi ta Kano. Ranar Juma'a babanku ya dawo daga masallaci da abokan karatunsa biyu, irin waɗanda suka baro iyalinsu a gida. Ɗayansu, babban mutum da furfura a gemu, ya ci waina da miyar taushe, ya ci, sai ya sunkuyar da kai, na ga yana share ido da bayan hannu. Juma'ar da ta biyo baya takalman da suke bakin ƙofarmu sai da suka tare hanyar maƙwabta.

A cikin matan da suka fara zuwa akwai Maman Khalifa, 'yar Gombe, mijinta shi ma ɗalibi, suna zaune a unguwar Sri Petaling. Mace ce mai kazar-kazar, ba ta zama wuri ɗaya, kuma in ta so ka ta so ka ke nan har da rigimarka. Ita ta koya mini hawa jirgin cikin gari, ita ta nuna mini inda ake samun manja da busasshen kifi, ita ta fara sa ni dariya a ƙasar nan. Wata rana tana taya ni wanke-wanke ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Maman Ummi, wannan hannun naki ai business ne kike zaune a kai. Ke dai ki soya, ni zan riƙa karɓar order. Gwaurayen nan kullum a mamak suke ƙarewa, roti safe roti dare, duk sun bushe. Ai taimako ne ma."

Mamak shagunan abincin Indiyawa Musulmi ne, za ki gan su ko'ina. Na yarda da shawararta ba tare da wani dogon tunani ba, kuma ina so ku gane dalili. A idonmu aiki shi ne mutum ya shirya da safe ya tafi ofis ko kamfani, a biya shi ƙarshen wata. Sana'ar cikin gida kuwa, wace mace ce a unguwarmu ba ta yi? Inna ta yi waina, kakata ta yi ƙuli-ƙuli, kuma da za ki ce musu ma'aikata ne da sun yi miki dariya. Don haka ni da Maman Khalifa muka ci gaba da hidimarmu hankali kwance. Duk Asabar ta iso da manyan jakunkuna, ta kwashi waina ta rarraba, wasu su zo da kansu su ce a yi musu tapau, wato a ƙunshe musu su tafi da ita. Tallafin karatun mazajenmu yakan makara, to abin da tandar nan take kawowa shi yake rufa mana asiri, gidana da nata.

A shekara ta biyu ma'aikatarmu ta amince ta ɗauki nauyina in yi digiri na biyu a fannin sarrafa abinci, da sharaɗin in gama a kan lokaci in dawo. Bayan zirga-zirgar da ba na son tunawa aka cire mini takardar iyalin ɗalibi, aka manna mini ta ɗaliba. Ranar da na je karɓar fasfona a ofishin ɗaliban ƙasashen waje, matar da ke kula da mu ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla, da alama ta gaji da ganin ɗalibai suna faɗawa rami. Ta ce ɗalibi yana iya ɗan yin aiki, amma sai a dogon hutu, na sa'o'i ƙididdigaggu, a wasu wurare kaɗan kamar gidan abinci ko otal ko ƙaramin kanti ko gidan mai, kuma sai jami'a ta nema masa izini an buga masa hatimi tukuna. Ta ce kwas ɗina kuma yana da horon aiki a masana'anta na wasu watanni, wanda shi ɓangaren karatu ne, ba a ba da digiri sai da shi, kuma ni zan nemo kamfanin da zai karɓe ni. Duk wanda aka samu da aikin da ba shi da izini, a soke masa takarda, karatun ya tashi. Ina ta gyaɗa kai kamar maganar wasu ake yi. Har na miƙe, sai kawai na tambaye ta, don dai cika zance, ko girkin cikin gida da ake yi wa 'yan'uwa yana ciki. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Suna ba ki kuɗi?"

Na ce suna bayarwa.

"To, aiki ne. Ko a ɗakin kwananki kika yi shi."

Na dawo gida. Na faɗa wa babanku, yana juya cokali a shayi. Ya ce shi ba zai ce in bari ba, domin ya san abin da tandar take tare mana, kuma ba zai ce in ci gaba ba, domin ya san abin da karatun yake nufi a wurina. Na ji haushinsa a ranar, na so ya yanke mini in samu wanda zan ɗora wa laifi. Na kwana biyu ina juya abin. Gaskiya ne mata da yawa suna yi ba abin da ya same su. Amma ni na san halina, in ina ɓoye abu ba na iya kallon mutane, kuma ga shi zan shiga kamfanin mutane da sunan jami'a. Na tuna yadda na yi shekaru a ma'aikata ina kallon waɗanda suka zo bayana suna wuce ni don takardar da ba ni da ita. Ranar Lahadi na wanke tanda, na shafe ta da mai, na kife ta a saman kabad ɗin kicin.

Ban yi wa Maman Khalifa waya ba, na ga ba maganar waya ba ce. Na goya ki na tafi har Sri Petaling. Ta karɓe ni da murna, ta kawo lemo, na fara bayani tana saurare, fuskarta tana canzawa a hankali. Da na gama ta ajiye kofin hannunta.

"Wato yanzu kin zama student, mu kuma mun zama 'yan fasa-ƙwauri. Shekara guda muna yi tare ba ki san doka ba sai yau?"

Na ce wallahi ban ɗauke shi aiki ba sai da aka faɗa mini. Ta ce ita ma ba ta ɗauke shi aiki ba, kuma ba za ta fara ɗauka yau ba don wata mai tabarau ta faɗa. Ta ce ni ina da ma'aikatar da za ta tsaya mini, ita fa, wa take da shi? Gaskiya ta faɗa. Ta raka ni har bakin lif, ta shafa kanki, ba ta dubi inda nake ba. Daga ranar ta daina kira na. Ta sayi tata tandar ta ci gaba, kuma ina so ku sani ba abin da ya taɓa samun ta, ta gama zamanta lafiya ta koma gida. Ba na so ku ɗauke ta mutuniyar banza, mace ce da ta tsaya wa 'ya'yanta yadda ta iya. Ni dai na rasa ƙawata, kuma a taron suna ko na Sallah in na shigo sai in ji hira ta sauya. Gwaurayen ma suka rage gaishe ni da fara'a. A gida kuma muka koma cin ƙwai da sardin fiye da yadda kuke so, Ummi tana tunawa.

Karatun aji bai ba ni wahala ba. Neman wurin horo ne ya kusa sa ni hawan jini. Abokan karatuna 'yan ƙasa kowa ya samu, ni kuwa duk inda na aika sai a yi shiru, in na matsa da waya a ce mini cikin ladabi ba sa ɗaukar baƙi. Ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne, ba wanda yake son jami'an shige da fice su tako masa kamfani. Ga babanku ya fara rubuta ƙarshen kundinsa, da ya kare za mu tattara. Ga wa'adin ma'aikata yana matsowa. In zangon nan ya wuce ban shiga horo ba, zan koma Kano da rabin digiri, ba ƙawa, ba sana'a, kuma da abin faɗa a bakin mutane. Wannan na ƙarshen ya fi ci mini rai, ba zan yi muku ƙarya ba.

Ana cikin haka malamar da take duba aikina ta kira ni ta ce akwai wani ƙaramin kamfani na iyali da ke yin kuih, wato 'yan ƙananan kayan ƙwalamarsu na shinkafa da kwakwa, suna daskarar da shi a firiza suna kai wa kantuna. Mai kamfanin wata tsohuwa ce, Hajiya Zaiton, kowa yana ce mata Mak, wato Mama, 'yarta Puan Liza ce manaja. Masana'antar tana bayan gari, amma ofishinsu a gidan tsohuwar yake, a Kampung Baru. Malamar ta ce sun yarda su gan ni ne kawai don kunyarta, in je amma kada in sa rai da yawa. Ni kuwa abin da ya zauna mini a kai shi ne tsohuwa ce, Hajiya ce, kuma gidanta za ni. Tun ina yarinya Inna ba ta taɓa barin mu mu shiga gidan babba hannu rabbana ba. Da asuba babanku ya fito ya tarar da ni a kan kujera ina sauko da tanda.

"Maman Ummi, interview za ki fa, ba barka ba."

Na ce na sani, amma ni ban iya zuwa gidan tsohuwa haka ba. Ya girgiza kai ya tafi masallaci. Na soya wainar da ban taɓa soya irinta ba, fara tas, gefenta ja, na jera a kula, na zuba miya a ƙaramar roba, na ɗaura mayafina mai kyau.

Kampung Baru za ki so ta, Safiyya. Kina fitowa daga tashar jirgi sai ki ga gidajen katako a kan turaku, da ayaba a tsakar gida, da kaji suna yawo, ga dogayen benayen gilas a tsaye a bayansu. Na cire takalmi na hau matakalar gidan da sallama. Puan Liza ta fito, mace siririya mai saurin magana, ta nuna mini kujera. Idonta yana sauka a kan kular sai fuskarta ta ɗaure. Ta tambaye ni mene ne wannan, na ce ɗan abin gaisuwa ne na kawo wa Mak. Ta ce su ba sa karɓar komai daga hannun mai neman gurbi, kuma ta ɗauka jami'a ta koya mana haka. Kafin in buɗe baki ta ƙara da cewa in kuma samfurin kayan sayarwata ne na kawo, gara in faɗa tun yanzu. Ashe ɗalibin waje na ƙarshe da suka ɗauka ya riƙa kasuwancinsa a ɓoye yana fakewa da sunan kamfaninsu, har jami'ai suka zo, suka yi ta amsa tambayoyi kamar masu laifi. Ni da na kife tanda don in tsira daga wannan zargin, sai ga shi na ɗauko shi da hannuna na kawo shi har falon mutane. Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa.

Ƙamshin miyar ne ya fito da Mak. Gajeriya ce, ta manyanta sosai, tana dogara bango. Na zube har ƙasa na gaishe ta yadda muke yi, ta tsaya tana kallona da mamaki, sai ta kama hannuwana biyu ta ɗaga ni. 'Yarta ta fara yi mata bayani da Malayanci, ita kuwa ta riga ta buɗe kular. Ta ɗauki waina ɗaya ta juya ta, ta shinshina, ta ce apam, sunan wani abincinsu ke nan mai kama da ita. Puan Liza ta ce Mak ta ajiye, tsohuwar ta ce a gidanta ba a taɓa mayar da abinci ba, kuma ba za a fara a kanta ba. Ta tsoma a miya ta ci, yaji ya sarƙe ta, ta yi tari, ta yi dariya, ta ƙara wata. Daga nan ta shiga tambaya, 'yarta tana fassarawa ba da son ranta ba. Da me nake tayar da ƙullun? Yaya nake hana shi tsami a wannan zafin? Me ya sa cikinta ya yi laushi haka bai caɓe ba? Na manta da intabiyu nake, na gyara zama na yi ta zuba, abin da na koya a wurin Inna da wanda na koya a aji duk suka haɗu a bakina. Na lura Puan Liza ta daina duba agogo.

Sai Mak ta goge hannu ta ce jikarta za ta yi aure wata mai zuwa, tana son a ci wannan a wurin walima, baƙi su ga abin da ba su taɓa gani ba. In faɗi ko nawa nake so. Na ga tsohuwar ta so ni, kuma na san kalma ɗaya za ta iya ɓata komai.

"Mak, ki yi haƙuri, ba zan iya sayar miki ba. Takardar zamana ba ta ba ni izini ba."

Ta ce a gidanta ne, wa zai sani? Ita za ta biya da hannunta.

"Mak, a kan wannan maganar na rabu da ƙawata, wadda ta fi kowa riƙe ni a garin nan. In na sayar miki yau, ban san da wane ido zan kalle ta ba. Kyauta kuma, 'yarki ta ce ba ku karɓa."

Wannan ta ƙarshen bakina ne ya suɓuce, kun san ni. Puan Liza ta fassara duka, ba ta rage ba. Tsohuwar ta tsuke fuska, ta miƙe ta shige ciki ba sallama. 'Yarta ta ce za su tuntuɓi jami'a, irin maganar da na riga na san ma'anarta. Na sauko ko kular ban tsaya ɗauka ba. A cikin jirgi na juya fuskata ga taga na yi kukana, wata yarinya 'yar makaranta ta miƙo mini tishu. Babanku, Allah ya saka masa, bai ce ai na faɗa miki ba.

Bayan kamar mako guda aka ƙwanƙwasa ƙofa da yamma, ana tsuga ruwa. Na buɗe sai ga Puan Liza da lema a hannu ɗaya, kulata a ɗayan. Na karɓa na ji ta da nauyi. Ashe su ma ba sa mayar da kwano wayam, ta cika ta da kuih kala-kala. Ta zauna a falonmu, ke Safiyya kika hau cinyarta ba gayyata. Ta ce Mak ta yi kwana biyu tana fushi, ba ta saba a ce mata a'a ba. A rana ta uku ta kira ta.

"Ta ce, tunda ba ki sayarwa, mu kuma ba mu karɓar kyauta, to ki zo ki yi a kicin ɗinmu da izinin hukuma, kowa ya huta. Boleh?"

Na ce boleh, wato za a iya, har sau uku. Ta ce ta riga ta je jami'a ta sa hannu, aikin da za a ba ni shi ne in gano yadda wannan wainar za ta shiga firiza ta fito da laushinta. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ita ba wainar ce ta sa ta yarda ba, ita ba ta ma cika son yaji ba.

Watannin da na yi a masana'antar nan su ne mafi daɗin zamana a ƙasar. Na sa farin takalmin but da farar riga, da hular raga a kan ɗankwali, ina tsaye da matan da suke ce mini Kak Sauda, wato Yaya Sauda. Na sha kaye. Wainar farko ta fito daga firiza kamar soson wanka, ta biyu ta yi tsami har matan suna toshe hanci suna yi mini tsiya. A hankali na gane sai an tayar da ƙullun a ɗaki mai sanyi, a rage masa gaggawa, kuma a daskarar da wainar da zafinta bai gama fita ba. Mak takan zo a mota ta zauna a kujera ta ɗanɗana, in ba ta yi ba ta ture farantin kawai. Wainar bikin jikarta a can muka yi ta, ni da matan, a lokacin aiki, kuma tana cikin rahoton da na miƙa wa jami'a. Aka ci ta da miyar kajinsu mai kwakwa, har wasu suna neman tapau. Gudun da Sadiq yake tunawa kuwa a ranar bikin ne, ruwa ne ya sauko muna sauke kaya daga mota, na rungumi kula na ruga rumfa. Jami'an da suka bi ni ke nan.

Ranar da aka ba mu digiri, muna tsaye a waje ana hotuna, sai na hango Maman Khalifa tana ratso mutane da kula a hannu. Ba wanda ya gayyace ta. Ta dire kular a gabana ta ce ga shi nan, ita ba ta da takarda amma tana da tanda. Muka rungume juna muna kuka muna dariya. Wainarta ta ɗan yi tauri a tsakiya, kuma na cinye rabona tas ban ce komai ba. Ba mu koma kamar da ba, amma har yau duk Sallah muna gaisawa. Sauran labarin kun san shi, kun ga yadda ɗan kamfaninmu na Kano ya fara daga firiza ɗaya a gareji.

Abin da ba ku sani ba shi ne inda tandar Inna take. Kun sha tambayata ina cewa tana nan. Da za mu taso Mak ta ce in bar mata ita, ni kuma ban iya ce mata a'a sau biyu ba. Mak ta rasu, Allah ya jiƙanta, amma tandar tana rataye a kicin ɗin gidan Kampung Baru, kuma na yi magana da Puan Liza, ta ce 'yar da ta hau cinyarta ta zo ta karɓa. Don haka Safiyya, in kin sauka, ki fara zuwa ofishin ɗaliban waje ki tambayi abin da aka yarda ki yi da wanda ba a yarda ba, domin doka tana canzawa, kuma ki yi tambayar da kike jin kunyar yi. In hutu ya zo kina son aiki, ki nemi izini tukuna. Wurin horonki ki fara nemansa da wuri, kada ki jira irin nawa. Ranar Juma'a ki soya waina ki ciyar da duk wanda kewar gida ta kama, kada ki karɓi ko sisi. Kuma ranar da za ki je ɗauko tandar kakarki, ko Puan Liza za ta ɗaure fuska, kada ki hau matakalar gidan nan hannu rabbana.